Filin Tambaya da Amsa: yadda ruwa ke komawa tururi da zafin da yake tafiya da shi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke, ƙafewar ruwa da tafasarsa a cikin injina, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya. Wasu na ɗan taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, shekarata ta farko a karatun injiniya. An koya mana cewa ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa ya zama tururi, to amma ni ina gani ruwa ya zube a siminti da safe, kafin rana ta take babu shi, kuma ko ɗumin kirki bai yi ba balle tafasa. Ina ya tafi? Dan Allah a warware min, abin ya tsaya min a rai.

AMSA: 'Yar'uwa tambayarki ta yi kyau sosai, don duk sauran tambayoyin da ke ƙasa a kanta suke zaune. Ruwan nan da kike gani kwance shiru, cikinsa ƙwayoyi ne ƙanana ƙanana da ido ba ya gani, kullum cikin motsi suke suna bugun juna, kuma ba gudu ɗaya gare su ba, wata tana tafiya a hankali wata kuma ta samu bugu mai kyau ta ɗauki sauri. To wadda take can saman ruwan idan ta samu isasshen ƙarfi sai ta fizge daga riƙon 'yan'uwanta ta shige iska. Wannan yana faruwa a digiri 20, yana faruwa a digiri 5, ba ya jiran 100. Amma fa a lokaci guda wasu ƙwayoyin daga iska suna faɗowa suna komawa cikin ruwan, don haka abin da kike gani a matsayin ƙafewa shi ne bambancin masu fita da masu dawowa.

Injiniyoyi suna auna ƙarfin fitar nan da abin da ake kira matsin tururi. A digiri 20 matsin tururin ruwa kusan kilofaskal 2.3 ne (kilofaskal ma'aunin matsi ne), a digiri 40 ya kai 7.4, a digiri 60 kusan 20, kin ga ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake yi. John Dalton na Ingila tun 1802 ya nuna cewa saurin ƙafewa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin matsin tururi a fuskar ruwan da kuma tururin da ya riga ya cika iskar da ke samansa. Shi ya sa ranar da iska take da laima kaya ba sa bushewa da wuri ko da akwai zafi, kuma shi ya sa fanka take taimakawa, tana kore jiƙaƙƙiyar iskar da ta kwanta a saman ruwan ta kawo busasshiya.

Tafasa kuma ita ce lokacin da matsin tururin ya kamo matsin iskar da ke danne da ruwan daga sama, wato kilofaskal 101.3 a daidai gaɓar teku, kuma ruwa yana kaiwa nan ne a digiri 100. Daga nan tururi ya samu damar yin kumfa a cikin ruwan kansa ba a samansa kaɗai ba. To kin ga 100 ɗin nan ba dole ba ce, idan aka rage matsin sai ta sauko. A ƙololuwar dutsen Everest ruwa yana tafasa a wajen digiri 70, a tukunyar tururi ta masana'anta kuwa da aka matse shi sai ya wuce 200 bai tafasa ba.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne zafin da ƙwayoyin nan suke tafiya da shi. Tunda masu ƙarfin ne suke fita, waɗanda aka bari sun rage ƙarfi, wato ruwan ya huce. Ki ɗiga sifirit irin na asibiti a bayan hannunki ki hura, zaki ji wajen ya yi sanyi ƙarara cikin daƙiƙu, zafin fatarki ne ya biya kuɗin ƙafewar. Kuma zafin ba ɗan kaɗan ba ne. Ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kilojul kusan 419 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), amma mayar da wannan kilon tururi a digiri 100 ɗin, ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ko kaɗan ba, yana cin kilojul 2257, fiye da ninki biyar. Idan kina da hita mai wat 1000, lita ɗaya daga digiri 20 za ta tafasa cikin kusan minti 6, amma kafin ta ƙafe ƙarƙaf sai an ƙara kusan minti 38. Joseph Black na jami'ar Glasgow shi ya fara bayanin wannan ɓoyayyen zafi a farkon shekarun 1760, kuma a kansa firij da AC da tashoshin wutar lantarki duk suke aiki.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni. Ni mai gyaran firij ne, na iya aikin da hannu, ina cika gas ina canza kwamfuresa, amma wallahi har yau idan yaron shagona ya tambaye ni daga ina sanyin yake fitowa sai in rasa abin ce masa. Gas ɗin ne mai sanyi ko yaya?

AMSA: Ɗan'uwa lafiya lau, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Gas ɗin da ke cikin silinda a shagonka zafinsa ɗaya da na ɗakin, taɓa silindar ka ji. Abin da ya bambanta shi kawai shi ne yana tafasa a ƙasa sosai. R134a idan ka sake shi a matsin iska na yau da kullum yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, R600a a wajen 12 ƙasa da sifili, amoniya da ake amfani da ita a manyan ɗakunan sanyi kuma a 33 ƙasa da sifili.

To ka bi shi da ido a cikin firij ɗin. Yana fitowa daga kwandensa na baya a matsayin ruwa mai matsi, sai ya bi ta siririn bututun nan kafilari, matsin ya faɗi, yana shiga bututun da ke cikin firiza sai ya tarar da wajen da bangonsa ya fi ma'aunin tafasarsa zafi, ko da kuwa kai a hannunka sanyi kake ji. Sai ya hau tafasa, kuma tafasa sai da zafi, a ina zai samo? a jikin bututun, bututun ya jawo daga iskar ciki, iskar ta jawo daga kayan da aka ajiye. Wannan ƙarar kamar ruwa na ɓulɓula da kake ji idan ka kara kunne, tafasar ce. Kwamfuresa aikinsa ya zuƙe tururin don matsin ya ci gaba da zama ƙasa, sannan ya matse shi ya tura baya inda zai koma ruwa ya zubar da zafin da ya ɗauko, shi ya sa bayan firij yake da ɗumi.

Daga nan zaka fahimci abubuwan da ka saba gani. Idan gas ya yi kaɗan, yana gama tafasa tun a farkon bututun, sai kaga ƙanƙara a gefe ɗaya sauran wajen babu komai, saboda tururin da ya riga ya gama tafasa ba ya iya ɗaukar wani zafin kirki. Idan kuma ka cika shi ya yi yawa, ruwa zai wuce bai gama ƙafewa ba har ya isa kwamfuresa, shi kuma tururi aka gina shi ya matsa, ruwa ba ya matsuwa, nan ne bawul ke lalacewa. Ka kula da R600a musamman, yana kama wuta, kuma ɓangarensa na ƙaramin matsi yakan yi aiki ƙasa da matsin iskar waje, don haka idan ya huje a nan iska da laima ne ke shiga ciki.

TAMBAYA: Malam, ni ina aiki da tukunyar tururi a masana'anta. Muna gardama da abokin aikina, shi ya ce duk yadda ka ƙara wuta haka tururi zai ƙaru matuƙar akwai ruwa a ciki, ni kuma na ce akwai iyaka amma ban san hujjar ba. Kuma mun taɓa ganin bututu ya kumbura ya fashe alhali ruwa bai ƙare ba. Ya za a yi ƙarfen da ke jiƙe da ruwa ya ƙone?

AMSA: Ɗan'uwa kai ne da gaskiya, kuma ina roƙonka ka kai wa abokin naka wannan amsar ya karanta da kyau, don wannan maganar rai ce ba gardamar hira ba.

Wani masanin Japan mai suna Shiro Nukiyama ya yi gwajin da ya amsa wannan a 1934. Ya nutsa siririyar waya a cikin ruwan da ke daf da tafasa, ya riƙa ƙara mata lantarki yana auna zafinta. Bari in kwatanta maka abin da ake gani. Da farko wayar ta ɗan fi ruwan zafi da digiri biyu ko uku, babu kumfa, ruwan ɗumi ne kawai ke tashi sama mai sanyi na saukowa. Da tazarar ta kai wajen digiri 5 sai kaga 'yan kumfa sun fara tsirowa, kuma ba ko'ina ba, a wurare takamaimai, ƙananan ramuka da karce da ke jikin ƙarfen inda ɗan gas ya maƙale, daga rami ɗaya kumfa ta girma ta ɓalle ta tashi wata ta biyo bayanta a daidai wajen. Duk kumfar da ta ɓalle sabon ruwa ne ke rugowa ya cike gurbinta ya shafi ƙarfen, to wannan kai da kawowar ita ce ke sa tafasa ta zama hanya mafi ƙarfi ta kwashe zafi daga jikin ƙarfe, ta ninka iska mai kaɗawa da kanta sau ɗaruruwa har dubbai. A wannan zangon abokinka bai yi ƙarya ba, ƙara wuta ƙara tururi.

Amma ci gaba da ƙarawa. Ramukan da ke fitar da kumfa suna yawa, kumfa ta fara haɗewa da juna tana tashi kamar ginshiƙi, ruwan da ke son saukowa ya taɓa ƙarfen yana kokawa da tururin da ke son hawa. A wajen tazarar digiri 30, ga ruwa a matsin iska na yau da kullum, zafin da ke ratsawa ya kai ƙololuwa, sama da wat miliyan ɗaya a kowace murabba'in mita. Ka wuce nan ko da kaɗan ne, tururi ya lulluɓe ƙarfen gaba ɗaya kamar bargo, ruwa ba ya ƙara taɓa shi. Shi kuma tururi ba ya wuce da zafi, ruwa ya fi shi sama da sau 20. Wuta tana nan tana zuba zafi, hanyar fita ta toshe, to ina zafin zai je? sai ya taru a jikin ƙarfen, cikin ɗan lokaci ya yi tsalle zuwa sama da digiri 1000. Wayar nikrom da Nukiyama ya fara da ita narkewa ta yi a tsakiyar ruwa, sai da ya koma wayar filatinam mai jure zafi sannan ya iya ganin abin da ke gaba.

Kana iya ganin ƙaramin samfurin wannan da idonka. Ɗiga ruwa a kan farantin ƙarfe mai zafin digiri 120 zuwa 150, zai yi cuwww ya ɓace nan take. Bari farantin ya wuce digiri 200 sosai ka sake ɗigawa, sai kaga ɗigon ya dunƙule ya zama ƙwallo yana yawo a kai yana daɗewa, saboda yana zaune ne a kan tururin kansa bai taɓa ƙarfen ba. Wani likitan Jamus, Johann Gottlob Leidenfrost, ya rubuta bayanin wannan tun 1756. Ƙarfen ya fi zafi amma ƙafewar ta ragu.

Wannan iyakar ce masu zana tukunyar tururi da masu tashoshin nukiliya suke lissafawa su bar tazara mai yawa a ƙasanta, Novak Zuber ya fitar da lissafinta a ƙarshen shekarun 1950 kuma har yanzu ana koyar da shi. A cikin bututu inda ruwa ke gudu akwai wani nau'in matsalar kuma, ruwan yana zama siririyar shimfiɗa a jikin bango tururi na gudu a tsakiya, idan gudun ruwan ya ragu shimfiɗar ta bushe a wani waje, wajen nan zai yi ja alhali gilashin auna ruwa yana nuna maka komai daidai.

Sai dai game da bututun naku da ya kumbura, ni abin da zan fara dubawa shi ne ɓawon da ke kamawa a ciki. Ruwa yana komawa tururi amma gishirin da ke narke a cikinsa ba ya binsa, yana nan yana taruwa, kuma sinadarin kalsiyam kabonet yana da wata ɗabi'a, ruwa na ƙara zafi yana ƙara ƙin narkewa, don haka a daidai wajen da ya fi zafi yake zuwa ya manne. Ƙarfe ya fi wannan ɓawon wuce da zafi ninkin ba ninki, milimita ɗaya ko biyu ya isa ya sa bangon bututun ya riƙa aiki a zafin da ba a gina shi dominsa ba, ya yi laushi a hankali, matsin ciki ya tura shi waje ya kumbura. Gaskiya ina jin takaici idan naga masana'anta tana tsimi a kan tace ruwa da zubar da ruwan ƙasan tukunya a kan lokaci, don kilo ɗaya na ruwa idan ya koma tururi a fili yana cin wuri kusan sau 1600, kuma tururi ya fi tafasasshen ruwa ƙuna nesa ba kusa ba tunda yana sauke kilojul 2257 ɗin nan ne a kan fatar da ya taɓa.

TAMBAYA: Malam waɗannan manyan hasumiyoyin masu ƙugu da ake nunawa a tashoshin wuta suna fitar da farin hayaƙi, guba ce?

AMSA: A'a ɗan'uwa, wannan ba bututun hayaƙi ba ne, hasumiyar huce ruwa ce. Ruwan ɗumi da ya fito daga tashar ake yayyafawa a ciki iska na ratsa shi daga ƙasa, ɗan kaɗan ya ƙafe ya tafi da zafin sauran. Kusan kashi 1 cikin 100 na ruwan idan ya ƙafe, ragowar ya sauka da digiri 5 zuwa 6. Farin da kake gani ƙananan ɗigon ruwa ne, jiƙaƙƙiyar iskar ta fito ta haɗu da mai sanyi ta koma hazo, shi tururi na ainihi ido ba ya ganinsa.

Iyakar hucewar kuma laimar iska ce ke yanke ta. Ana ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ma'aunin zafi a hura masa iska, inda ya tsaya nan ne ƙarshen abin da ƙafewa za ta iya. Iska mai digiri 35 da laima kashi 20 cikin 100 za ta sauke shi zuwa wajen 19, amma idan laimar ta kai kashi 70 a wajen 30 zai tsaya. Haɗarin da ke akwai shi ne idan ba a kula da tsaftar ruwan ba, ƙwayar cutar Legionella tana son ruwan ɗumi, ita ce aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadalfiya na Amurka a 1976, shi ya sa ake sa wa ruwan magani ana gwada shi akai akai.

TAMBAYA: Injiniya, a littafinmu an nuna tukwanen ƙafar da ruwa guda uku a jere, wai tururin ta farko ne ke tafasa ta biyu. Ta yaya tururi mai digiri 100 zai tafasa wani ruwan da shi ma yake buƙatar 100?

AMSA: Ƙanena ka lura da kyau, ba zai iya ba idan matsinsu ɗaya ne, don zafi ba ya tafiya sai akwai gangara, wato daga wajen da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba. Dabarar ita ce a rage matsi a tukunya ta biyu ta yadda ruwanta zai tafasa a misalin digiri 80, ta uku a ƙara ragewa ta tafasa a 60, wanda ke buƙatar matsi kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar waje. Kowane tururi sai ya koma ruwa a bututun tukunyar gaba ya miƙa mata ɓoyayyen zafinsa maimakon a sake shi a iska. Da tukwane uku, kilo ɗaya na tururin da ka sayo da mai zai ƙafar da ruwa ɗan ƙasa da kilo uku. Norbert Rillieux, baƙar fata haifaffen New Orleans a 1806 wanda ya yi karatu a Faransa, shi ya kammala wannan tsarin ya yi masa rajista a 1843 da 1846 don matatun sukari na Louisiana, inda kafin nan bayi ne ke kwasar tafasasshen ruwan rake da ludayi daga buɗaɗɗiyar tukunya zuwa wata suna ƙonewa. Yau da shi ake aiki a masana'antun takarda da wasu tashoshin tace ruwan teku. Ba a jera tukwane ba iyaka saboda kowace tana cin nata rabon daga tazarar zafin, kuma ruwa na ƙara kauri ma'aunin tafasarsa na ƙara hawa.

TAMBAYA: Malam na buɗe laftof ɗina naga wani lanƙwasasshen jan ƙarfe daga kan firosesa zuwa fanka, wani ya ce min wai akwai ruwa a ciki. Da gaske ne?

AMSA: Da gaske ne 'yar'uwa, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, ko kin girgiza ba za ki ji shi ba. Bututu ne da aka zuƙe iskar cikinsa aka liƙe, don haka ruwan yana komawa tururi tun a ƙaramin zafi. Yana ƙafewa a kan firosesa, tururin ya ruga zuwa gefen fanka ya koma ruwa ya sauke zafin, sannan garin jan ƙarfe da aka gasa a bangon ciki ya tsotso shi ya dawo da shi, babu famfo babu komai mai juyawa. George Grover ya gina irinsa na zamani a ɗakin bincike na Los Alamos a 1963. Kar ki lanƙwasa shi kuma kar ki bari wani ya huda shi, iska na shiga ya tashi daga aiki. Idan laftof ɗin na zafi fanka na ihu, ki taɓa gefen bututun da ke kusa da fankar bayan ya ɗan yi aiki, idan kan firosesa ya ɗau zafi sosai amma can ƙarshen yana nan da sanyinsa, bututun ya mutu sai a canza shi.